Yadda ake kwashe shara a Birtaniya lokacin Kirsimeti

A ƙarshen kowace shekara gidaje a Birtaniya kan tara shara fiye da yadda suka saba, kuma a daidai lokacin ne masu kwashe ta ke samun hutu.

Ranakun 25 da 26 ga watan Disamba da 1 ga watan Janairu ranakun hutu ne a duk faɗin ƙasar. A yankin Scotland har da 2 ga watan Janairu.

A ƙarƙashin dokar kare muhalli ta 1990, ƙananan hukumomi ne ke da alhakin kwashe sharar gidaje a Ingila da Wales da Scotland, kuma kowacce da nata tsarin. Galibinsu kan ɗage ranar kwasa da kwana ɗaya ko biyu idan hutu ya zo, wasu kuma su sa ma'aikata su fito ran Asabar don a cike giɓin.

Abin ba ƙarami ba ne ga magidanta. A wurare da dama, sau ɗaya cikin mako biyu ake kwashe sharar da ba ta sake sarrafuwa. Duk wanda ya manta da sauyin rana bai fitar da mazubinsa bakin titi ba, yana iya shafe kusan wata guda da tarkacen biki a gida. Hukumomi da yawa kuma ba sa ɗaukar ledar da aka ajiye a gefen mazubi, ko da yake wasu kan ɗaga ƙafa a wannan lokaci.

Abin da ke shiga da wanda ba ya shiga

Babbar matsalar ita ce ta tantancewa. Kwalaye da kwalabe da gwangwanaye duk ana sake sarrafa su, amma ba kowace takardar naɗe kyauta ce takarda zalla ba. Wasu an haɗa su da roba ko dalma mai sheƙi.

Shawarar da ake bayarwa ita ce mutum ya dunƙule takardar a hannu. Idan ta tsaya a dunƙule, za ta sake sarrafuwa. Idan ta warware, sai a jefa ta cikin sauran shara. Haka ma katunan gaisuwa masu ƙyalƙyali, sai an yage ɓangaren da aka yi wa ado tukuna.

Batura sun fi komai haɗari. Idan injin motar shara ya matse batirin lithium da aka bari cikin kayan wasan yara, yana iya kamawa da wuta. Saboda haka a manyan kantuna ko cibiyoyin karɓar shara ake miƙa su.

Kaya idan suka gauraye da yawa, masana'anta na iya ƙin karɓar lodin mota sukutum, sai a ƙona shi ko a binne. Binnewa kuwa na da tsada: harajin da gwamnati ta ɗora a kanta a 1996 ya fara ne da fam 7 kan kowane tan, amma a 2023 ya haura fam 100. A ƙarshe dai daga aljihun mazauna gari kuɗin ke fitowa.

Su kuma itatuwan Kirsimeti na gaske, a watan Janairu ake tattara su a niƙa, a yi taki ko a shimfiɗa a lambuna. A gaɓar tekun Fylde da ke Lancashire, binne su ake yi cikin tudun rairayi domin su riƙe yashin da iska ke kwasa.

Idan yanayi ya ɓaci

Tsarin ba ya jure tsaiko mai tsawo. A watan Disamban 2010, wanda ya fi kowane Disamba sanyi a ƙasar cikin shekaru 100, dusar ƙanƙara ta hana motoci shiga unguwanni. Da abin ya haɗu da hutu, sai ledojin shara suka yi makonni jibge a titunan Exeter da Birmingham. A Birmingham ɗin, takaddama tsakanin ma'aikata da hukumar birnin ta ƙara dagula lamarin.

Ragowar abinci ita ce ta fi saurin wari da jawo ɓeraye. Wani sabon tsari a Ingila ya tsayar da 31 ga watan Maris na 2026 a matsayin ranar da ya wajaba a riƙa kwashe ta daban a kowane mako, sai dai an ba wasu hukumomi ƙarin wa'adi. Wales ta riga ta yi nisa a wannan fanni, inda take sake sarrafa kusan kashi biyu cikin uku na sharar da hukumominta ke tarawa, yayin da a Ingila abin da ake sarrafawa na sharar gidaje bai kai rabi ba.