Kewar Bala'in da Ke da Ƙarshe: Finafinan Ibtila'i da Masu Begensu

A watan Fabrairun 2017, da labarin mutuwar ɗan wasan Amurka Bill Paxton ya bazu, masu sana'ar bin sawun guguwa a jihohin tsakiyar ƙasar suka yi masa ta'aziyyar da ba a saba gani ba: suka jera alamomin na'urorinsu a taswirar intanet har suka rubuta haruffan farko na sunansa. Paxton bai taɓa zama masanin yanayi ba. Iyakarsa dai ya fito a Twister na 1996, inda shi da Helen Hunt suke tseren mota a bayan mahaukaciyar guguwa a jihar Oklahoma. A Wakita, ɗan ƙaramin garin da aka nuna guguwar ta baje a cikin labarin, har gidan tarihi aka buɗe don tunawa da fim ɗin. Sai mutum ya tsaya ya tambaya: me ke sa a yi begen abin da ya nuna rushewar gidan mutum?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce waɗannan finafinai na sararawa ne, mutum ya manta da damuwarsa na awa biyu. Ban musa ba, amma amsar ba ta kai ba. Wanda ke neman mantuwa zalla yana da barkwanci, yana da soyayya, ba sai ya biya kuɗi ya ga ruwa yana cin gari ba. Abin da nake son kafawa a nan shi ne, masu kewar finafinan ibtila'i na da ba ɓarnar suke kewa ba. Suna kewar wata duniya ce da bala'i yake zuwa cikinta da tsari, ya faɗo daga waje, ya yi abin da zai yi, ya wuce, kuma ɗan kallo ba shi da hannu a ciki.

Tun 1757 Edmund Burke ya lura cewa abin tsoro yakan koma abin sha'awa muddin akwai tazara tsakaninsa da mai kallo. Susan Sontag, a maƙalarta ta 1965 kan finafinan ƙirƙirar kimiyya, ta ƙara da cewa irin waɗannan labarai suna aiki biyu: suna ɗauke hankali daga fargabar zamani, suna kuma saba wa mutum da ita har ta daina firgita shi. Sharaɗin duka biyu shi ne tazara. To amma tazara ba ta kujera da majigi kaɗai ba ce, akwai ta lamiri, kuma ita ce aka fi mantawa da ita.

Mu ɗauki zangon farko na finafinan ibtila'in da ake kewa a Hollywood, wato shekarun 1970, zamanin furodusa Irwin Allen. A The Poseidon Adventure na 1972, igiyar ruwa ta kifar da jirgin fasinja a daren sabuwar shekara, sama ta koma ƙasa, wani malamin coci da Gene Hackman ya fito a matsayinsa ya ja tsirarun mutane suna hawa zuwa gindin jirgin. A 1974 aka yi Earthquake, wanda aka girka wa gidajen silima manyan lasifikoki dominsa don kujeru su riƙa rawa. A shekarar ce kuma aka yi The Towering Inferno, gobara a dogon bene. Masu begen wannan zango sukan ce finafinan babu siyasa a cikinsu. Ba haka ba ne. Amurka tana fama da yaƙin Biyetnam da badaƙalar Watergate a lokacin, kuma fushin ya shiga labaran. Wakilin masu jirgin Poseidon ne ya tilasta wa kyaftin ya yi gudu alhali jirgin bai daidaita ba, don kada a yi asarar kuɗi. A dogon benen kuwa, surukin mai ginin ne ya sa wayoyin lantarki masu araha. Akwai mai laifi, ke nan. Sai dai mutum ɗaya ne, yana da fuska, kuma ɗan kallo zai fita daga silima yana jin shi kam ba ruwansa.

Zango na biyu, wanda shi aka fi kewa yanzu, ya zo ne bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, lokacin da Hollywood ta rasa tsohon abokin gaba ta kuma sami kwamfutar da za ta iya zana guguwa. Cikin shekara uku aka jero Twister, sai Dante's Peak da Volcano a 1997, sai Deep Impact da Armageddon a 1998, biyu-biyu kamar an haɗa baki. Dutse mai aman wuta ba shi da aƙida, dutsen da ya taso daga sararin samaniya ba shi da ofishin jakadanci, don haka za a iya sayar da fim ɗin a kowace ƙasa ba tare da an ɓata wa kowa rai ba.

Ginshiƙin waɗannan labarai shi ne masani. A Dante's Peak, Pierce Brosnan yana gargaɗin cewa dutsen zai fashe, manyan gari suna tsoron kada masu zuba jari su gudu, shugabansa a wurin aiki yana cewa a dakata. Dutsen ya fashe, gaskiyarsa ta fito kafin fim ya kai ƙarshe. A Twister ma, duk tseren da ake yi don a cusa wata na'ura mai suna Dorothy cikin guguwa ne, ta saki ƙananan ma'aunai da za su ƙara wa mutane 'yan mintunan gargaɗi. Da ma'aunan suka ƙi tashi, sai aka yanka gwangwanayen lemo aka yi musu fukafukai. Wannan ɗan wurin ya fi wurin da aka nuna guguwa ta ɗauki saniya bayyana sirrin fim ɗin: matsala tana da girman da almakashi da basira za su iya magance ta. A ƙarshe jaruman biyu suka ɗaure kansu da igiyar fata a jikin bututun ruwa, guguwa mafi ƙarfi ta bi ta kansu, suka tashi suna gardamar wa zai shugabanci ɗakin bincike. A zahiri kuwa, guguwar El Reno ta 31 ga Mayun 2013 ta kashe Tim Samaras, ɗaya daga cikin ƙwararrun wannan fanni, tare da ɗansa da abokin aikinsa.

Abu biyu ne suka cinye tazarar. Na farko kyamara ce a hannun kowa. Igiyar tsunami ta 26 ga Disamban 2004, wadda ta hallaka mutum fiye da 200,000 a gaɓar Tekun Indiya, an gan ta ne ta kyamarorin masu yawon buɗe ido, hoto yana rawa, ba kiɗa, ba jarumi. Bayan wata takwas guguwar Katrina ta nutsar da New Orleans, duniya ta ga talakawa, galibinsu baƙaƙen fata, a kan rufin gidaje suna ɗaga hannu, agajin da finafinai suka yi alkawarin zai iso cikin minti goma ya ɗauki kwanaki. Gani ya kori ji.

Na biyu ya fi zurfi. Sauyin yanayi ya sa kalmar bala'in da ba hannun mutum ta fara rauni. Idan hayaƙin masana'antu da motoci yana ƙara wa ambaliya da zafi ƙarfi, to mai laifin ba surukin mai gini ba ne, tsarin rayuwar da ɗan kallon yake ci daga gare shi ne. Roland Emmerich ya gwada shigar da wannan cikin tsohon salo a The Day After Tomorrow na 2004, amma don labarin ya yiwu sai da ya matse abin da ke ɗaukar shekaru aru-aru cikin 'yan kwanaki, ya kuma ba shi ranar ƙarewa. Don't Look Up na 2021 ya fi gaskiya, shi ya sa bai da daɗin kallo: masanan suna da gaskiya, ba a saurare su ba, dutsen da suka yi gargaɗi a kansa ya faɗo daga sararin samaniya.

Svetlana Boym, a littafinta na 2001 kan kewar abin da ya wuce, ta raba ta gida biyu: mai son a sake gina tsohon gida yadda yake, da mai sanin cewa gidan ya tafi, tana juya tunaninsa kawai. Twisters na 2024 na gida na farko ne. An koma Oklahoma, an dawo da motocin a-kori-kura da waƙoƙin karkara, kuma daraktansa Lee Isaac Chung ya faɗa a fili cewa bai so fim ɗin ya zama mai wa'azi ba, don haka ba a ambaci sauyin yanayi a cikinsa ba. Ya yi kasuwa sosai. A ganina shirun nan yana cikin hajar da aka sayar.

Akwai kuma tambayar da masu nazarin wannan kewa a Turai da Amurka ba su cika yi ba: tazarar ta wane ne? A fim ɗin 2012, wanda Emmerich ya fitar a 2009, an ƙera manyan jiragen tsira a Sin, kujera ɗaya Yuro biliyan ɗaya, kuma da ruwa ya janye sai suka nufi Afirka, wadda aka ce ta ɗago sama ta tsira. Ba a nuna mana ko mutum ɗaya daga cikin masu nahiyar yana jiran baƙin ba. The Impossible na 2012 ya ɗauki tsunamin da ya kashe dubban mutanen Asiya ya mai da shi labarin iyali ɗaya na Turawa masu hutu a Tailan. Mu da muka kalli irin waɗannan finafinai a kaset da faifai da tauraron ɗan'adam mun ji daɗinsu kamar kowa, ba na jin akwai abin kunya a nan. Amma wanda ya kwana a Maiduguri a watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwanni, ya shiga gidan namun daji har aka riƙa gargaɗin mutane game da kadoji da macizai, ba lallai ya kalli hoton gari a ƙarƙashin ruwa da idon da ya kalle shi a da ba. Nahiyar da hayaƙinta bai wuce kusan kashi 4 cikin 100 na duniya ba tana cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Wannan bai kashe salon ba, ya dai sauya masa mazauni. A 2023 Jude Anthany Joseph ya fitar da fim mai suna 2018, cikin harshen Malayalam, kan ambaliyar da ta kashe mutum sama da 400 a jihar Kerala ta Indiya. 'Yan kallonsa su ne waɗanda ruwan ya ci, tazara babu ita ko kaɗan, amma suka cika gidajen silima har Indiya ta tura shi gasar Oscar. Jarumansa masunta ne da suka ɗora kwale-kwalensu a manyan motoci suka shigo cikin gari ceto, da maƙwabta, da wani matashi da ya gudo daga aikin soja. Duk da haka bai tsira daga suka ba: wasu a Kerala sun ce ya rage wa gwamnatin jihar rawar da ta taka a aikin ceton, aka yi ta muhawara a jaridu kan wa ya kamata a nuna yana ceton mutane.