Farar hodar da rana ke sa wa aiki: Tsabta da algus a sinadarin titaniyam

Duk wanda ya taɓa buɗe bokitin farin fenti ko ya matsa man goge baki ya riga ya haɗu da titaniyam dayoksaid, ko da bai san sunansa ba. Farar hoda ce da ake samarwa daga ma'adinai biyu, ilmenait da rutil. Akwai ilmenait a cikin yashin da ya rage a wuraren haƙar kuza na Jos, ita kuwa ƙasar Saliyo ta shahara da rutil. Hodar ce ta maye gurbin farar dalma a fenti, wadda aka gano tana da guba.

Amma tana da wata baiwa ta daban. A 1972 wasu masana biyu na ƙasar Japan, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka wallafa sakamakon gwajin da ya nuna cewa idan wani nau'in haske ya sauka a kan wannan sinadari, yana iya raba ruwa zuwa iskokin da suka haɗu suka yi shi. Daga nan aka fahimci cewa ƙarfin da hasken ke tayarwa yana iya wargaza rini da maiƙo da ƙwayoyin cuta, ba tare da hodar ta ƙare ba. Irin waɗannan sinadarai da haske ke zaburarwa su ne ake fatan wata rana su tsabtace ruwan sha a wurare irin su Sandamu da sauran ƙananan hukumomin masarautar Daura, inda rana ba ta yi wa kowa rowa, amma jama'a da dama suka dogara da rijiya da burtsatse.

Yadda take aiki

Idan hasken ultrabayolet, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, ya bugi ƙwayar hodar, sai ya tsinko wani ɗan ƙaramin abu mai ɗauke da lantarki da ake kira ilektiron, ya bar gurbi a inda ya fito. Dole ilektiron ɗin da gurbin nasa su isa bayan ƙwayar, inda za su haɗu da ruwa da iska su haifar da abubuwa masu kaifi da ke cinye ƙazanta. Idan kuwa suka sake haɗuwa a hanya, ƙarfin ya tafi a banza, ya zama ɗan ɗumi kawai. Mafi yawansu haka suke ƙarewa.

Shi ya sa ake son ƙwayoyin su ƙanƙance matuƙa, domin tafiyar ta gajarta, fuskar aiki kuma ta yalwata. Ana auna su da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Shahararriyar hodar nan da ake kira P25, wadda kamfanin Degussa na Jamus ya fara yi, yanzu kuma Evonik ke sayarwa, ƙwayarta kusan nanomita 21 ce, alhali kaurin gashin kan mutum ya kai dubban nanomita masu yawa. Giram ɗaya nata yana da fuskar da ta kai kimanin murabba'in mita 50, faɗin wani madaidaicin shago ke nan a cikin abin da bai cika cokalin shayi biyu ko uku ba.

Inda datti ke shigowa

A irin wannan ƙanƙanta, abin da ba a bakin komai yake ba a buhun siminti yana iya lalata aiki baki ɗaya. Datti na shiga ta ƙofofi da yawa. Ma'adinin ilmenait kansa cike yake da baƙin ƙarfe, ɗan abin da ya saura daga gare shi ko daga kuromiyam kuma yana mayar da farin ya yi rawaya-rawaya. Hodar da aka yi daga sinadari mai kulorin takan riƙe ragowar kulorin a jikinta. Wadda aka dama a ɗakin gwaje-gwaje da ruwan sinadarai takan riƙe gawayin da bai ƙone ba. Har gilashin da aka shafa ta a kai ba a bar shi a baya ba, domin sodiyam ɗin da ke cikin gilashin taga yana kutsawa cikin shafen idan ya ji wuta, ya rage masa kuzari. Saboda haka masu ƙera gilashin da ke wanke kansa, irin wanda kamfanin Pilkington na Ingila ya fitar a 2001, sukan sa wani shafe a tsakani a matsayin shinge.

Kowane baƙon abu a cikin ƙwayar yana iya zama tarko, inda ilektiron zai maƙale har gurbinsa ya iske shi. Wanda ya zauna a bayan ƙwayar kuma yana toshe wurin da ƙazanta za ta sauka.

Maganin da aka saba shi ne gasawa a tanderu mai zafin digiri 400 zuwa 500 domin gawayin ya ƙone. Sai dai a nan ma akwai ciniki. Titaniyam dayoksaid yana da siffofi uku, anatas da rutil da burukait, anatas ce kuma aka fi sani da kuzari. Zafi ya haura kimanin digiri 600, sai anatas ta fara rikiɗewa zuwa rutil, ƙwayoyin su manne da juna su girma. Mai neman tsabta da wuta yana iya fitowa da hoda fara tas wadda ba ta da sauran ƙarfi.

Algus da haɗi na gangan

Abin da ke ba masu karatu mamaki shi ne hoda mafi tsabta ba lallai ita ce mafi aiki ba. Ita P25 da duniya ta mayar ma'auni gauraye ce, kusan kashi 80 cikin ɗari anatas, sauran galibi rutil, masana da dama kuma na ganin zaman siffofin biyu tare yana taimakawa wajen raba ilektiron da gurbinsa. Maƙeran zinariya sun san kwatankwacin wannan: zalla tana da taushi, sai an haɗa ta da wani ƙarfe take jure sawa.

Tsantsar anatas ultrabayolet kaɗai take ji, shi kuwa bai wuce kimanin kashi 5 cikin ɗari na hasken rana ba. A 2001 Ryoji Asahi da abokan aikinsa a cibiyar binciken Toyota suka nuna cewa cusa ɗan naitirojin a cikin ƙwayar yana sa ta fara jin hasken da ido ke gani. Tun kafin nan, a 1994, Wonyong Choi da Michael Hoffmann da abokin aikinsu a Amurka sun gwada ƙarafa iri-iri, suka ga baƙin ƙarfe da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba yana ƙara kuzari, alhali kobalt da alminiyam suna rage shi. Baƙin ƙarfen da yake aibi idan ya shigo da kansa, shi ne kuma ke zama gyara idan an auna shi. Bambancin algus da haɗi na gangan shi ne sanin abin da aka zuba da adadinsa.

Masu fenti su ma haɗi suke yi, amma da akasin manufa. Kuzarin hodar a ƙarƙashin rana yana cinye danƙon da ke riƙe fenti, har bango ya riƙa barin fari a hannu kamar alli. Don haka hodar fenti mai kyau rutil ce da aka lulluɓe da alumina da silika domin a kashe mata wannan kuzari. Ɗan kasuwar da abokan cinikinsa ke ƙorafin fenti na zuba bayan ɗan lokaci yana da dalilin tambayar irin hodar da aka yi amfani da ita.

Abin da lamba ba ta faɗa

Kwalbar da aka rubuta wa tsabtar kashi 99.9 cikin ɗari tana iya ɗaukar giram ɗaya na baƙon abu a kowane kilo, sau da yawa kuma ƙarafa kaɗai aka ƙirga, ban da ruwa da gawayi da kulorin. Na'urar eksire da ake tantance siffar hoda da ita ba ta cika ganin abin da ya gaza kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, ba ta kuma bayyana ɓangaren da bai daskare cikin tsari ba. Rahoton da ya dogara da ita kaɗai ya ce hoda tsantsa ce ya faɗi fiye da abin da ya gani.

Wannan ya shafi ma'aikacin gwamnatin da za a kawo wa takardar neman tallafi ko kwangila. Ya zama ruwan dare masu bincike su haɗa irin wannan hoda, ko ta zinki, da ruwan ganyen darbejiya ko zogale, hanya mai arha amma mai barin ragowar tsiro da ke sauyawa daga bishiya zuwa bishiya. Gwajin da aka fi yi kuma shi ne zuba hodar a ruwan wani shuɗin rini a ga ko launin ya gushe. Gushewar launi ba shaida ce ta gushewar guba ba, domin rinin na iya maƙalewa ne kawai a jikin hodar, ko ya tsinke zuwa gutsattsari marasa launi. Ruwan ɗakin gwaji kuma tatacce ne. Ruwan rijiya a Sandamu, ko wanda ke fitowa daga masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano, yana ɗauke da gishiri da laka da ke tare haske su kuma toshe fuskar hodar.

Sai batun fitar da hodar daga ruwan bayan ta gama aiki, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ƙwaya mai wannan ƙanƙanta. A 2006 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya ƙurar titaniyam dayoksaid cikin abubuwan da mai yiwuwa su haddasa cutar idan an shaƙa. A 2021 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce ba za ta iya ci gaba da tabbatar da amincinta a abinci ba, aka kuma haramta ta a can a 2022, duk da cewa Amurka na ci gaba da amincewa da ita. A jikin kwalin alawa ko cingam da aka shigo da shi, lambarta ita ce E171.