Kunna wuta da auduga da toka

Murza auduga da toka dabara ce ta samar da wuta ba tare da ashana ko ƙyastu ba. Masu koyar da zaman daji sun fi saninta da sunan Rüdiger Nehberg (1935–2020), Bajamushen matafiyin da ya yaɗa ta a rubuce-rubucensa.

Ana shimfiɗa auduga busasshiya kamar faɗin tafin hannu, a barbaɗa mata tokar itace kaɗan, a naɗe ta tamau har ta yi kaurin ɗan yatsa. Sai a sa ta tsakanin katako biyu masu shafaffen ciki, a danna na sama, a yi ta murzawa gaba da baya, da farko a hankali don ta daɗa ƙullewa, daga baya da sauri. Ƙauri ne ke fara sanar da mutum cewa abin ya kama. Idan aka tsinka naɗin biyu, za a ga cikinsa ya yi baƙi, iska na taɓa shi sai garwashi ya bayyana, a sa shi cikin yayi a hura.

Tokar ba ta ci da kanta. Aikinta shi ne ƙara gogayya tsakanin zaruruwan audugar, sannan sinadarin fotash da ke cikinta, wanda ke ba ruwan toka kaifinsa, yana sa auduga ta kama da zafi kaɗan. Danshi ne babban abokin gabar dabarar: audugar da ta sha raɓa sai dai ta gajiyar da hannu.