Juna Biyu da Amosanin Gaɓɓai: Tarihin Wani Bincike

A karkarar Ɗambatta, kamar sauran ƙasar Hausa, idan gaɓoɓin mai jego suka kumbura akan ɗora wa sanyi laifi, a ce wanka ne bai yi ba. Alhali kuwa akwai wani irin amosani wanda garkuwar jiki ce da kanta ke afka wa gaɓoɓi, kuma matan da yake kamawa sun kusan ninka maza sau uku.

A 1938 Likita Philip Hench na asibitin Mayo, a Amurka, ya bayyana cewa wannan ciwo yakan lafa wa yawancin mata masu juna biyu, ya komo bayan haihuwa. Sai ya yi zaton jiki na fitar da wani sinadari mai kwantar da shi. Neman wannan sinadari ya kai shi ga gwada maganin kotizon a 1948, har ya sami kyautar Nobel a 1950 tare da Kendall da Reichstein.

Daga baya masana suka gane cewa sinadaran mata, watau estirojin da furojestaron, suna da hannu wajen sassauta garkuwa lokacin ciki. Da sun sauka bayan haihuwa, sai ciwo ya tashi. Saboda haka mai jegon da yatsunta ke sandarewa kowace safiya, ƙarin ruwan zafi ba zai hana gaɓoɓinta lalacewa ba, sai an kai ta asibiti da wuri.