TARIHIN NAƊAR WAƘOƘIN HAUSA A FAIFAI: KAMFANIN EMI DA ABIN DA YA ISO ƘASAR IKARA, MAKARFI DA KUDAN

Gabatarwa

Na fara ganin garmaho ne a zauren wani kawuna a ƙasar Makarfi, a ƙarshen shekarun 1960, ina ɗan firamare. Akwati ne baƙi mai hannu a gefe, wanda ake wanawa kafin ya yi magana, a cikin murfinsa kuma akwai hoton kare ya kasa kunne a bakin ƙaho. Mu yara ba a barinmu mu taɓa shi. Aikinmu shi ne miƙo gwangwanin allurai, domin allurar ƙarfe ce, ba ta jimawa take dakushewa. Sai bayan shekaru masu yawa na gane cewa wannan kare tambarin His Master's Voice ne, ɗaya daga cikin sunayen da kamfanin EMI na Ingila yake fitar da faya-fayansa da su.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun yadda wannan kamfani da takwarorinsa suka naɗi waƙoƙin Hausa, da yadda faifai da kaset suka shigo ƙasarmu, sa'annan da nuna wa malaman makaranta wani giɓi da ke cikin tarihinmu, wato rashin sanin ranakun da aka ɗauki muryoyin mawaƙanmu.

Yadda Kamfanin Faifai Yake Ajiye Tarihinsa

Bisa al'adar manyan kamfanonin faifai, duk waƙar da aka ɗauka sai an shigar da ita kundi. Injiniya zai rubuta kwanan wata, da sunan mawaƙi, da sunan waƙa, da kuma karo na nawa ne aka yi ta kafin ta yi daidai. Kowace ɗauka tana da lambarta, kuma ana zana wannan lamba a jikin faifan, a ɗan filin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. Ita dabam take da lambar kasuwa da ake bugawa a kan takardar. Kamfani ba don tarihi yake yin haka ba, don lissafin kuɗinsa ne, amma daga baya kundin ya zama taska ga masu bincike.

Alal misali, a 1988 wani Bature mai suna Mark Lewisohn ya fitar da littafi a kan mawaƙan nan na Ingila, Beatles, inda ya bi takardun EMI rana bayan rana, tun daga zuwansu na farko ɗakin ɗaukar waƙa na Abbey Road a ranar 6 ga Yuni, 1962, har zuwa 1970. Haka kuma an san cewa a 1973 ɗaya daga cikinsu, Paul McCartney, ya zo Legas ya naɗi mafi yawan wani faifansa a sitidiyon EMI da ke Apapa. Wannan kamfani dai shi ne ya fitar da faya-fayan Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos. Amma a yau in ka tambayi masoyin Shata ranar da aka ɗauki Bakandamiyar da yake saurare, da wuya ya ba ka ko da shekarar.

Matakin Farko: 1927 zuwa 1945

Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a Amurka a 1877, bayan shekara goma kuma Emile Berliner ya fito da garmaho mai amfani da faifai. Kamfanin Gramophone na Ingila, mai tambarin kare, yana da wani reshe mai suna Zonophone. Daga 1927 zuwa wajen 1930 wannan reshe ya ɗauki waƙoƙi masu yawa na mutanen Afirka ta Yamma, da harsuna irin su Yarbanci da Fanti da Ga da Hausa. Abin lura shi ne a Ingila aka yi wannan aiki, da muryoyin 'yan Afirka da ke zaune can ko waɗanda aka kai, sa'annan aka yo jigilar faya-fayan zuwa kantunan bakin teku. Saboda haka Hausar da ta fara shiga faifan kasuwa ba daga fadar Zazzau ko ta Katsina ta fito ba. A 2008 wani kamfani na Landan mai suna Honest Jon's ya sake fitar da wasu daga cikin waɗannan waƙoƙi, bayan ya tono su daga ma'ajiyar EMI da ke garin Hayes.

A 1931 kamfanin Gramophone ya haɗe da Columbia, aka sami EMI, kuma sunaye irin su Parlophone da Odeon suka shiga ƙarƙashinsa. A cikin shekarun 1930 ne aka riƙa turo injiniyoyi da kayan aiki zuwa Legas domin a ɗauki mawaƙa a gida. Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, ya kawo tsaiko ga wannan harka.

Faifan wancan zamani yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma kowane gefe ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti uku. Duk wanda ya san waƙar fada ya san minti uku ko sharar fage ba ta isa ba. Dole mawaƙi ya datse waƙarsa, ya zubar da wasu ɗiyan, ya gaggauta amshi. Don haka ina jan hankalin malamai cewa abin da ke cikin tsohon faifai guntun waƙa ne da aka yanka daidai da faɗin faifan, kada a ɗauke shi a matsayin cikakkiyar waƙar kamar yadda ake yin ta a gaban sarki ko a dandali.

Mataki na Biyu: Zamanin Kano da Kaduna

Bayan yaƙi, kamfanin Decca ya shigo kasuwar Afirka ta Yamma, daga baya Philips ya biyo. 'Yan ƙasa ma ba a bar su a baya ba. A farkon shekarun 1950 wani ɗan kasuwa Ibo, Cif G. A. D. Tabansi, ya fara harkar faifai a Kano, kafin daga bisani cibiyar kamfaninsa ta koma Kudu, inda ya kafa sitidiyo da injin buga faifai a Anaca. A wannan tsakani ne aka sami sababbin faya-fayan roba, ƙarami mai juyi 45 da babba mai juyi 33, wanda gefensa guda ke ɗaukar kimanin minti ashirin. Da wannan babban faifai ne doguwar waƙar Hausa ta sami wurin miƙe ƙafa.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba shi ne EMI na da hannu a kafa Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna. Lokacin da gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ta buɗe gidan a watan Maris na 1962, ta yi haɗin gwiwa ne da kamfanonin Ingila biyu, EMI da Granada. Wannan gida ya ɗauki waƙoƙin Hausa a tef, kuma ta hanyarsa ne manomin Gubuchi ko Kurmin Kogi ya san muryar Musa Ɗanƙwairo da Haruna Uji da Barmani Choge, ko da bai taɓa mallakar garmaho ba.

A ɓangaren masana kuwa, wani Ba'amurke mai suna David Ames ya zauna a Zariya a 1963 da 1964 yana ɗaukar kaɗe-kaɗen fada da na sana'o'i. An fitar da wani sashe na aikinsa a manyan faya-fayai biyu a Jamus, cikin jerin da hukumar UNESCO ta ɗauki nauyi. A 1971 shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Bambancin aikin masani da na ɗan kasuwa shi ne masani yana rubuta wuri da lokaci da dalilin kiɗan, shi ya sa har yau ake iya dogara da abin da suka bari.

Yadda Abin ya Iso Ƙasarmu

Ba a taɓa kafa kamfanin faifai a Ikara ko Makarfi ko Kudan ba. Mu masu saye ne da saurare. Amma ƙasarmu tana tsakanin Zariya da Kano, kuma layin dogo da ya isa Kano a 1911 ya ratsa ta Likoro da Gimi, ga kuma hanyar mota da ta bi ta Tashar Yari. A iya abin da na gani da wanda na ji daga dattawa, masu garmaho na farko su ne ma'aikatan jirgi, da malaman En'e, da masu awon gyaɗa da auduga, da tsofaffin sojoji. A Sabon Garin Zariya ko na Kano ake sayo faifai, yawanci da kaka, lokacin da kuɗi ya shigo hannu.

Abin da ya sauya komai shi ne kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Ya bazu a wurinmu a tsakiyar shekarun 1970, musamman bayan ƙarin albashin Udoji, lokacin da kusan kowane malamin makaranta ya sayi rediyo mai rikoda. Kaset yana ɗaukar awa guda ko awa ɗaya da rabi, yana aiki da batir, ba ya fashewa in ya faɗi, kuma kowa na iya ɗaukar murya da kansa. A karo na farko sai ga makaɗan da kamfani bai taɓa waiwaya ba sun shiga tef: masu gangar noma a wurin gayya, da masu kiɗan kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, da masu kalangun mahauta a ranar kasuwa, da mata masu kiɗan ƙwarya a cikin gida.

Sai dai wannan sauƙi shi ya karya kamfanonin. A kowace babbar kasuwa akwai mai rumfar da zai juye maka waƙa daga faifai zuwa kaset a kan kuɗi kaɗan, ba tare da mawaƙi ko kamfani ya sami ko kwabo ba. Ga dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, ga tsadar kayan waje bayan faɗuwar darajar naira daga 1986. A ƙarshe EMI na Nijeriya ya koma hannun 'yan ƙasa da sunan Ivory Music, uwar kamfanin kuma a Ingila aka sayar da sashen waƙoƙinta ga Universal a 2012. Mai juye kaset ba ya rubuta lamba, ba ya rubuta shekara, wani lokaci ma yakan haɗa waƙoƙin shekaru daban-daban a gefe guda. Daga irin waɗannan kaset ne aka kwashi akasarin abin da ke yawo a wayoyin hannu yanzu.

Yadda Za a Ƙiyasta Shekarun Waƙa

Da yake kundin kamfani ba ya hannunmu, ga hanyoyin da na jarraba suka yi mini amfani.

Ta farko, a duba jikin faifan. A kwafe lambar takarda da lambar da aka zana, a lura ko a Ingila aka buga shi ko a Nijeriya. In an jera faya-fayan kamfani ɗaya bisa lambobinsu, za a ga wanda ya riga wani.

Ta biyu, a duba farashi in mai kanti ya rubuta. Sule da fam na nuna kafin Janairun 1973 ne, naira da kwabo kuma bayan nan.

Ta uku, a saurari cikin waƙar. In mawaƙi ya gai da Sarkin Zazzau Muhammadu Aminu a matsayin mai ci, to tsakanin 1959 da 1975 ke nan. In ya ambaci Jihar Arewa ta Tsakiya, tsakanin 1967 da 1976 ne. In an kira Shata da Dokta, to bayan 1988 ne, shekarar da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Amma a yi hattara, domin mawaƙi kan maimaita tsohuwar waƙa ya sa mata sababbin ɗiya. Ranar da aka ƙirƙiri waƙa dabam, ranar da aka naɗe ta dabam.

Ta huɗu, a tambayi mai kayan: yaushe ya saya, a ina, wane abu ya faru a shekarar? Dattijo zai iya manta lambar shekara, amma ba zai manta cewa shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama ba ce, wato 1972.

Kammalawa

Faya-fayan kawuna sun fi talatin. Bayan rasuwarsa aka zuba su a buhu aka jefa a wani ɗaki mai yoyo, da na je nemansu shida kawai na samu da rai. Laifin namu ne, domin ina aiki a lokacin, ina da halin ɗaukarsu, na yi ta cewa sai wani zuwan. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015, kuma masu amshi da makaɗan da suka shiga sitidiyo tare da su saura ƙalilan.

Ina roƙon kowane shugaban makaranta a ƙananan hukumomin nan uku ya ware littafi guda. A tura ɗalibai su tambayi iyaye da kakanni abin da ke cikin adaka na faifai da kaset. A rubuta sunan mawaƙi, da kamfani, da lambobi, da garin da aka samo shi, da ranar da aka rubuta bayanin. A ajiye faifai a tsaye a inuwa, a nisanta kaset daga zafi da laima, a juye shi a kwamfuta tare da hoton takardarsa. A ba da fifiko ga kaset ɗin da aka ɗauka a garuruwanmu, domin waƙar Shata tana da kwafi dubbai, amma kiɗan kalankuwar ƙauye guda wataƙila kaset ɗaya ne tak ya rage. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.