Sawun ƙafa da zafin ƙasar duniyar Wata

A watan Maris na 2025 kumbon Blue Ghost ya sauka a duniyar Wata, ya huda ƙasa da iskar gas, ya zura ma'aunin zafi har wajen mita ɗaya. Wasu suka ɗauki abin sabo fil, alhali Amurka ta soma shi tun 1971.

Kafin nan daga duniyarmu ake kintatar zafin ƙarƙashin ƙasar Wata. Kumbon Apollo 13 ya ɗauki na'urar auna zafin a 1970, bai samu sauka ba. Sai a Apollo 15 David Scott ya kama injin haƙa. Marcus Langseth na Jami'ar Columbia, mai tsara gwajin, so yake a kai mita 3, amma ƙasar ta yi tauri, injin ya cije, aka haƙura a kusan mita ɗaya da rabi. A Apollo 16 kuwa John Young ya harɗe da waya ya tsinke ta, aikin ya tashi a tutar babu. Gene Cernan ne ya haƙa ramuka biyu da suka wuce mita 2 a Disambar 1972.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, har zuwa 1977 da aka kashe na'urorin, zafin ƙarƙashin ƙasar yana ta hauhawa sannu a hankali. Wasu suka ɗora laifin a kan sauyin zagayen Wata, wasu suka ce ɗumi ne daga duniyarmu. Ni dai bayanin Seiichi Nagihara na Jami'ar Texas Tech, wanda ya fito a 2018, shi ya fi kwanta mini. 'Yan sama jannatin da kansu suka jawo ɗumin. Sawunsu ya birkice ƙurar sama mai haske, ƙasa mai duhu ta fito fili, ita kuwa tana shan rana kamar baƙar riga a bazara. Hujjarsa mai ƙarfi ce: ma'aunan da ke kusa da sama su suka fara ɗumama, kuma sun fi na ƙasa, hotunan kumbon LRO mai zagaya Wata kuma sun nuna layukan sawun baƙi ƙirin.

Abin takaici, an yi sakaci da bayanan da aka sha wahalar tattarawa. Na bayan 1974 ba a adana su yadda ya kamata ba. Nagihara da abokan aikinsa sun tono faifai 440 a wata ma'ajiyar gwamnati a jihar Maryland, su ma na watanni uku ne kacal na 1975. Sauran giɓin da rahotannin mako-mako da aka samu a Houston aka cike shi.