Tarihin Ashanar Fata

Tun daga 1966, sa'ad da masanan Population Council a Amurka suka duƙufa kan binciken maganin tazarar haihuwa da za a sa ƙarƙashin fatar damtse, sai da aka shekara 17 kafin ƙasar Finlan ta halatta shi a 1983 da sunan Norplant, mai tsinke shida, wanda fa'idarsa ke kaiwa shekara biyar. Amma da yake sakawa ta fi cirewa sauƙi, domin nama yakan lulluɓe tsinkayen har likita ya sha wahalar lalubo su, sai hikima ta wajabta rage adadinsu: Jadelle biyu, Implanon kuwa, a 1998, ɗaya tak. Irin wannan magani ne matanmu ke kira ashanar fata a yau.